Hular Surukina a Filin Fikilbol

Jama'a, yau na tuɓe wa surukina hula da ƙwallo!

Nasiru, ƙanen matata, ya dawo daga Legas da wani wasa wai shi fikilbol. Raga ce, da faifan katako, da ƙwallon roba mai huji-huji. Ya zane fili da toka, yac ce in zo in gwada, shi ne alƙali. Wa zan gani tsallaken raga? Baba Alhaji, uban matata! Wai tun zamanin 'yancin kai yake tsince wa Turawa ƙwallon tanis.

Nan take na cire takalmi na durƙusa.

Nasiru yac ce, "Tashi! Ka faɗi maki da ƙarfi, ka bugo daga ƙasan ƙugu zuwa waccan kusurwa."

In ɗaga murya gaban suruki? Na yi raɗa, kaina ƙasa. Duk ƙwallon da ta wuce ni sai in ce, "Sannu Baba."

Goma da babu! Baba yac ce, "Mi ke nan? Wanga munka ba ɗiya?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ruga bakin raga, na make ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba. Fau! Hular Baba ta kusa tsallaka iyaka zuwa Birnin Kwanni.

Nasiru yac ce, "Laifi! Ba a dukanta a sama daga bakin raga. Sha ɗaya, Baba ya ci!"

Madalla, ba maki, ba mutunci. Ina isowa gida matata tac ce yau gidan Baba anka kai tuwona, tunda ina da ƙarfin hannu in je in amso.