Gayefski Ake Cewa

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, Allah Ya yi wa Lorraine Gajewski rasuwa a nan birnin Milwaukee na Amurka, bayan doguwar jinya. Lorraine, da yammacin ranar muka sanar da rasuwarki a gidan talabijin ɗin da kika ƙarar da ƙuruciyarki kina karanta labarai, kuma muka faɗi sunanki ba daidai ba. Har sau biyu.

Ke kuwa ba kya wasa da suna. Da kika fara aiki, manajan wancan lokaci ya ce ki koma Lori Gray, wai sunanki yana karya harshe. Kika ce, "Yallaɓai, da sunan nan babana ya tsufa a majema, bai karya harshen kowa ba. Naka ma zai saba."

Gobara ce ko haɗarin mota, ba kya karanta sunan mamaci sai kin kira danginsa kin ji yadda suke faɗinsa. Ni mai shirya labaran nakan tsaya a kanki ina nuna agogo, ki kore ni da hannu kamar ƙuda. Na tuna wata tsohuwa 'yar ƙabilar Hmong da ɗanta ya nutse a tafki. Kika yi ta maimaita sunansa a waya har ta ce ya yi. Tun daga nan duk kaka sai ta aiko miki da kabewa, ki rarraba mana.

Ranar Talatar nan ɗakin labarai cike yake da mu tsofaffin hannu, kowa na sharar hawaye, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa sabuwar mai karantawa yadda ake faɗin sunanki. Ta ga rubutu, ta ce "Gajuski". Ba laifinta ba ne, namu ne.

Ana gamawa waya ta yi ƙara, na ɗauka. Mijinki ne, Dennis. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ray, yi haƙuri, na san kuna fama da aiki," in ji shi. "Jikokinta ne ke kallo, ƙaramar ta ce ai ba kakarta ake nufi ba. Gayefski ake cewa. Ka gaya wa yarinyar da ta karanta a hankali, kada ta ji kunya."

Kunya kam tana wurinmu, har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Allah Ya ba Dennis da 'ya'yanki da jikokinki haƙurin wannan rashi. Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa kin huta, Lorraine Gayefski. A can ba a kuskuren suna.