Gayyar Ɓarar Gyaɗa

Har yau in na ji ɓawon gyaɗa na fashewa tsakanin yatsu, ƙas-ƙas, sai in ga kaina a ƙofar ɗakin Inna, a ƙauyenmu da ke gefen Banga, shekarar da aka haifi autarmu.

Lokacin girbi ne, an cire gyaɗa an shanya. Bayan suna Inna ta daina barci. Ta koma hira da mutanen da ba ma gani, in an miƙa mata jaririyar sai ta kau da kai ta ce ba tata ba ce. Wata safiya aka same ta a bakin rijiya, ba ko ɗankwali, tana leƙe. Ni ce babbar 'yarta, kuma ranar na san abin da ake kira tsoro.

Baffa, yayan Baba, ya ce ɗayan biyu za a yi: ko a kai ta wurin wani mai magani da ke sa wa irinta mari a ƙafa, ko asibitin masu taɓin hankali can wajen Sakkwato. Duk wanda aka zaɓa, raba ta za a yi da mu da jaririyar. Baba ya sunkuyar da kai, don ba ya musu da yayansa.

Kakarmu, uwar su Baba, mace ce mai baki. Tun da aka kawo Inna gidan ba ta taɓa yabon miyarta ba, ko da wasa. Amma ita ce ta miƙe.

"Ɗiyar mutane munka amso lahiya lau," ta ce. "Ba ni maida musu ita da mari ga ƙahwa. Nan za ta zamna."

Ba wai ta ƙi magani ba ne. Ta sa aka ɗauko malamin asibiti daga Ƙaura a kan babur, ya yi wa Inna allura, ya bar ƙwayoyi, ya ce in abin ya ci tura dole a kai ta. Liman ya zo ya yi tofi. Aka kwashe wuƙaƙe da igiyar guga. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna da ita wuni guda, ga shi kowa na gona.

Sai Kaka ta ba ni goro in bi gida-gida, kamar yadda maza ke yi in za su kira gayyar noma. "Ki ce musu gayyar ɓarar gyaɗa ni ka yi. Kar ki kuskura ki ce a zo dubiya."

Ta sa aka zube buhunanmu daidai ƙofar ɗakin Inna. Mata suka riƙa zuwa, wasu da hantsi, wasu bayan azahar, suna ɓara suna gulmarsu. Ba mai kallon Inna da ido na tausayi, ba mai ce mata ya jiki. Wata maƙwabciya mai jego ta riƙa shayar da jaririyar, ta kwantar da ita a tabarma cikinsu. Kullum Kaka sai ta ɗan ja tabarmar kusa da ƙofar, kamar ba da gangan ba.

Gyaɗarmu ta ƙare Inna ba ta warke ba. Washegari sai ga buhun maƙwabta. Haka aka ɓare gyaɗar unguwa kaf a gidanmu, har da irin da ake ajiyewa cikin ɓawonsa sai damina. Manomi ba ya ɓare irinsa da rani don wasa. Sai da na girma na gane abin da mutanen nan suka ba mu.

Da farko Inna daga ciki take kallo. Daga baya ta fito bakin ƙofa, wata rana kuma hannunta ya kai cikin faifai da kansa. Ranar da ba na mantawa, jaririyar ta tsala kuka, Kaka ta ɗauke ta tana jijjiga ta da ƙarfi irin na tsofaffi. Inna ta ɗago kai.

"A bi ta sannu," ta ce. "Miƙo min ɗiyata."

Ba wadda ta yi guɗa. Ɓara kawai suka ci gaba da yi, amma na ga hawaye na ɗiga cikin faifan Kaka.

Yanzu 'yan bindiga sun watsa ƙauyen, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Muna Ƙaura a gidan haya, inda katanga ta fi gaisuwa yawa. Kwanan baya matar da ke bayan gidanmu, wadda aka kashe mijinta a gona, ta daina barci, ta fara magana ita kaɗai. Na gaya wa Inna, wadda yanzu furfura ta gama rufe ta. Sai ta aiki jikanta kasuwa ya auno gyaɗa mai ɓawo. Ta yafa mayafi ta ɗauki faifai.

"Tashi mu tai," ta ce da ni. "Kuma kar ki ce mata ya jiki."