Ranar da Baba ya roƙe ni in daina gaishe shi a rediyo

Shekarun baya, tun hanyar Anka zuwa Gummi ba ta zama abin fargaba ba, aka damƙa mini shirin tsofaffin waƙoƙi a 'yar tashar rediyon kwalejinmu. Ina ɗalibi aka ba ni, don babu mai so. Abokan karatuna labarai da wasanni suke rububi, ni kuwa aka nuna mini kwalin kaset aka ce bismilla. Na gama karatu, kwalejin ta ɗauke ni aiki, shirin ya maƙale mini. Waɗanda muka fara tare wasu har sun ajiye tumbi a manyan tashoshi, ni ina nan ina juya kaset da biro. Ɗalibai Malam Kaset suke ce mini a bayan idona, wai a zatonsu ban sani ba.

Gaskiya ba waƙoƙin kaɗai suka riƙe shirin ba, gaisuwa ce. Mutumin ƙauye yana son ya ji an ambace shi da garinsu, a haɗa masa da ɗan kirari, sannan a sakar masa waƙar noma. Ni kuma in dai kirari ne, bakina ba shi da birki.

A cikin masu saurarona akwai wani dattijo manomi daga wani ƙauye a yankin Bukkuyum, Baba nake ce masa. Wata rana sai ga shi a ƙofar tasha da buhu a bayan mashin, cike da kaset ɗin marigayi wansa, har da waɗanda aka ɗauka a wurin gayya, kana jin ƙarar garma da shewar mata. Ya ce, "Malam, ka aje su wurinka. Gida kusu na cinye min su, yara ko ba su san darajassu ba."

Daga ranar, duk mako da shi nake buɗe shiri. In faɗi sunansa da na ƙauyensu, in ce manomin da geron bana ke tarar da na bara a rumbunsa, mai bijiman da ba sa gajiya. An ce in na fara, sai ya ƙure ƙarar rediyon a gindin bishiya, yana gyara zaman hula. Bayan kaka kuwa ba na rasa damin gero daga wurinsa. Mun daɗe a haka.

Sai ƙasar ta fara lalacewa. Yau ka ji an shiga wannan ƙauye, gobe an tare waccan hanya. Ni dai na ci gaba da shirina, ina ganin ko ba komai mutane za su ɗan sami abin da zai ɗebe musu kewa.

Wata rana da hantsi aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Baba a tsaye, ya rame, babu mashin, ko zama ya ƙi yi. Bayan mun gaisa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, alhwarma niz zo nema. Don Allah ka bar hwaɗin sunana cikin rediyon ga."

Na ce, "Baba, laifi na yi?"

Ya ce, "Ba ka yi komi ba. Mutanen daji sunka shigo muna. Sun kore bijimai, sun kwashe rumbu. Guda cikinsu, yaro ne sa'an jikana, yad dube ni yana dariya yac ce, ashe kai ne na rediyo? Wai shi ma ba ya bari shirin ya wuce shi, tun yana ƙarami ubanai ka saurare. Yac ce in sun ji an ƙara gaishe ni, sun san na tara wata dukiya."

Shekara da shekaru ina magana a gaban makirufo, ban taɓa kawo wa raina su wa ke can ɗaya ɓangaren ba. Na ce masa an gama, insha Allahu ba zai sake jin sunansa ba. Ya yi mini godiya kamar wata kyauta na ba shi, wannan godiyar ce ta fi ƙona mini rai.

Ba shi kaɗai ba ne ashe. Masu bugo waya suka koma cewa a gaishe su amma kar a faɗi gari. Daga baya suka ce kar a faɗi suna ma. To gaisuwar da babu suna babu gari, wa aka gaisar? Na soke ta gaba ɗaya. Na ce a raina ai waƙoƙin suna nan, duk mako zan riƙa sa wa Baba waƙar noman da ya fi so ba tare da na ce komai ba, shi zai gane tasa ce. Da wannan na riƙa lallashin kaina.

Bayan damina biyu na ji ƙauyensu ya watse, ya koma Gummi wurin 'yarsa. Na je duba shi. Na same shi a wani ɗan ɗaki kusa da tashar mota, yana zaune a kan tabarma, rediyonsa a gefe. Cikin jin daɗi na tambaye shi ko yana jin waƙarsa duk mako.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. In ka sa ta, kashewa nika yi. Mutumin da ba ya da gona, mi zai yi da waƙan noma?"

Ban ƙara sa ta ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina shirin, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na koyi wani darasi mai daɗin faɗa ba. Na daɗe ina zaton aikina shi ne in hana tsofaffin waƙoƙi mutuwa. Waƙoƙin kam suna nan lafiya, har an kwafe su a kwamfuta. Mutanen da aka yi su dominsu ne babu. Duk mako in jar fitilar fara shiri ta kama, nakan yi sallama, in ce ina gaida duk mai saurare a inda yake, sai in yi maza in saki waƙa kafin in fara tunanin ko wane ne.