Itacen Wanka a Lewisham

A garinmu idan mace ta haihu, itacen wanka a wuyan miji yake. Ko ba shi da wando na biyu, sai ya sauke kurar itace a ƙofar gidan surukai, unguwa ta gani ta shaida. Na san haka tun ina yaro, amma da na zo Landan sai na ɗauka na tsira, domin a nan boila ce ke dafa ruwa. Wata na'ura ce manne a bangon kicin, ita ke ɗumama ɗakuna, kuma kana murɗa famfo ruwan zafi zai zubo. Na ce shi ke nan, Bature ya raba ni da faskare.

Haihuwar fari ce, kuma bisa al'ada matata gidansu za ta tafi wanka a Kano. Ba ta tafi ba, saboda aiki da takardu, da kuma ni da na kafe. Sai surukata ta ce to, ita za ta zo. Hajiya ta sauka a tsakiyar hunturu da akwatuna cike da gero da kanwa da busasshen ganyen darbejiya, yadda ta wuce da su filin jirgi kuwa Allah kaɗai ya sani. Tun kafin ta cire mayafi ta kafa sharaɗi: wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa har a yi arba'in. Ranar da aka yi fashi, ranar za ta kwashe 'yarta da jikarta zuwa gidan ƙanenta.

Ƙanen nan nata wani Alhaji ne mai gida a arewacin Landan, gidan da har daɓen ƙasa ɗumi yake fitarwa. Tun ranar ɗaurin aurenmu yake kallona kamar wanda ya zo gyaran famfo. In aka kai masa matata da 'yata saboda na kasa samar da ruwan zafi, wallahi har jikokina sai an ba su labari. Kuma ban da kunya, ban son a raba ni da yarinyar nan. Ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba, ni kuwa na riga na haukace a kanta.

Sharaɗin ma ba ni ta faɗa wa ba. Hajiya ba ta magana da ni, ni ma ba na haɗa ido da ita. Surukuta irin ta da take yi, ba ta zamani ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba na zama a ɗakin da take. Da safe in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Barka da asuba, Hajiya," ita kuma ta amsa wa labule. In tana da saƙo sai ta ce da matata, "A gaya wa mai gidan nan," ina tsaye taku biyu daga inda take. A Kano wannan ba wahala, gida da zaure da tsakar gida, kowa ya kama gefensa. A gidanmu na haya a unguwar Lewisham kuwa, inda in ka yi atishawa a bene za a ce maka alhamdu lillahi daga kicin, wasan ɓuya muka yi ta yi a matattakala.

Mafakata ita ce lambun bayan gida. Ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma ni a wurina gandu ne. Da hannuna na ƙera akwatunan katako na cika su da ƙasa, ina shuka alayyafo da tumatir da attaruhu da bazara. Sai kuma zogalena. Daga iri na tashe shi, shekaru ina lallaɓa shi, bai taɓa wuce ƙuguna ba, kuma duk ganyen da ya taɓa ba ni bai isa kwaɗon mutum ɗaya ba. Duk da haka in hunturu ya kama sai in ja akwatinsa zuwa ɗan ɗakin katako na ajiyar kaya, in naɗe shi da bargo. Hajiya ta hango shi ta taga kwana biyu da zuwanta, na bar ƙofar ɗakin a buɗe.

"Ikon Allah," ta ce da matata. "Garin da ake rufa wa itace bargo. A ɗauko bargon nan, mai jego ta fi shi buƙata."

Aka ɗauko. Na maye gurbinsa da tsohuwar rigar sanyina.

Da farko komai ya tafi daidai. Boila tana aiki, Hajiya tana ƙorafin ruwan bai kai ba, muna ƙara masa na butar lantarki. Matata tana fitowa daga banɗaki tana tururi kamar dambu, ta harare ni, ta sha kunun kanwa.

Sai wani sanyi ya sauko wanda ko 'yan ƙasar suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Dusar ƙanƙara ta zuba, ta daskare, wata ta zuba a kanta. Jiragen ƙasa suka tsaya, motocin bas suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Wata safiya na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki na ji shi kamar gawa. Boila ta mutu, sai wasu lambobi take ƙyaftawa. Na kira mai gidan da muke haya, yana wata ƙasa mai rana yana hutawa, Allah ya isa. Na kira masu gyara, kowa ya ce rabin Landan ke gabana a layi. Ɗaya ya sa mini rana, washegari ya soke.

Na ce ba komai, ai akwai tukunyar suna. Wata ƙatuwar tukunya ce da na saya a kasuwar Peckham aka dafa shinkafar taron suna a ciki. Na cika ta da ruwa, na ɗora a kan murhunmu na lantarki mai saman gilas. Ban kai ga juya baya ba na ji ƙas! Gilas ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Matata ta leƙo da jaririya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Yallaɓai," ta ce. "Yanzu ba wanka, ba tuwo."

Abin da ya rage mana butar lantarki ce da hita guda ɗaya mai ɗumama ɗaki. In ka kunna su tare wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. In ka dafa buta ɗaya ka juye, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce. Hitar kuwa aka kai ta falo, aka rufe ƙofa, aka toshe ƙasanta da tsumma, Hajiya da matata da jaririya suka tare a ciki. Ɗaki ɗaya tal mai ɗumi a gidan, kuma shi ne ɗakin da ba ni da ikon zama. Matata ta ce, "Don Allah ka shigo, Umma ba za ta cinye ka ba." Na ce ko mutuwa zan yi. A bene nake kwana da riguna a kan riguna da safa a hannu, numfashina yana hayaƙi.

A ranar na ji muryar Hajiya ta bayan ƙofa, a tsanake. "A gaya wa mai gidan nan rana tana yi."

Sai jinin kakannina ya motsa. Na fita lambu, na share ƙanƙara da faranti, na jera bulo uku, na ɗora tukunyar suna. Famfon waje ya daskare, sai da bokiti na yi ta jido daga kicin. Akwai ragowar gawayin da muka gasa naman Sallah, da shi na fara. Ruwa ya tafasa har yana ɓararraka, Hajiya ta aiko da ganyenta aka zuba, lambun Lewisham ya ɗauki warin darbejiya. Na kwashe a bokiti na hau da shi bene. Abin da ya zube a hanya kafin in dawo ya zama gilashi, na taka, na ji ni a ƙasa ina kallon sama, ƙafa ɗaya a cikin akwatin tumatir. Daga nan na koyi barbaɗa toka a hanya.

Maƙwabcina wani tsohon Bature ne mai kirki da yawan sa ido. Ya leƙo ta saman shinge da hula har kunne, ya tambaye ni ko gashin nama nake a wannan yanayi. Na ce a'a, wanka za a yi. Ya dubi tukunya, ya dube ni, ya ce kansil, wato ƙaramar hukuma, ba ta son hayaƙi a unguwar nan. Na ce masa kansil ta zo ta yi wa surukata bayani da kanta, ina nan ina jira.

Gawayi ya ƙare. Na taka har gidan mai inda suke sayar da itace a raga, ko tsinke babu, an wawashe. Na dawo na dubi gidana da sabon ido, idon mai neman abin da zai ci wuta. Karyayyar kujerar cin abinci ta fara tafiya. Sai katakon da tumatir ke hawa. Sai akwatin alayyafo, sai na tumatir, sai na attaruhu. Kowanne sai na fasa daskararriyar ƙasa da guduma kafin in ɓalle katakon, ga shi jiƙe, hayaƙi ya fi wutar yawa. Idona ya yi ja, yatsuna suka tsattsage, gemuna yana warin ƙauri. Ina hura wuta ina zagin mai gidan haya da boilarsa da wanda ya fara ƙirƙiro wankan jego. Amma safe da yamma ruwa yana hawa bene, ba a yi fashi ba. Daga baya na ɓalle ƙofar ɗakin ajiya, sai bangonsa, har zogalena ya rage a fili cikin rigar sanyi kamar mai jiran bas.

Ranar da abin ya zo wuya, mai gyara ya yi alkawarin washegari. An yi wankan safe da katakon ƙarshe na rufin. Bayan azahar na shiga kicin ɗibar ruwa, sai na ga akwatunan Hajiya a jere a bakin matattakala, da jakar jaririya a sama. Matata ta fito ta same ni, idonta ya kumbura.

"Ta leƙa ta ga ba sauran itace," ta ce. "Ta kira Kawu. Ya ce in an yi la'asar ba ruwa, a faɗa masa ya turo direba."

"Ke kina son tafiya?"

"Ni wankan ma ya ishe ni, fatata ta kusa saɓulewa. Amma gidana nake so. Ka yi wani abu."

Na koma lambu. Na daɗe ina kallon shingen maƙwabcina, Shaiɗan yana ba ni shawara, na yi a'uziyya. Abin da ya rage nawa na kaina akwatin zogale ne, katako mai kauri, mafi kyau a duk waɗanda na ƙera, kuma a bushe yake don ya sha zaman ɗaki. Na cire masa rigar. Ganyen ya riga ya zube, amma da na kankare ɓawon da farce, cikinsa kore ne shar, da ransa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na kifar da akwatin, saiwar ta fito fili cikin wannan sanyi, na sa guduma.

Katakon ya kama kamar an zuba masa kananzir. Na tsuguna ina turawa ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin ko zai kai, rana tana faɗuwa tun kafin a kira ta yamma. Da na tura na ƙarshe ruwan yana ƙugi ne kawai, bai tafasa ba. Na tattara ɓaraguzai, na ƙara da muciyar kicin, na kwanta a ƙanƙara ina hurawa har kaina ya yi jiri. Sai na ji murfin ya fara rawa.

Na kai bokiti na ƙarshe bene, na sauko na zauna a dokin ƙofar baya. Ina jiyo ƙarar ruwa da ihun matata tana cewa, "Wayyo Umma, da zafi!" Ban taɓa jin daɗin ihun mutum irin na ranar ba.

Can sai na ji taku a bayana. Hajiya ce, da jaririya a naɗe cikin zani. Na sunkuyar da kai. Ta tsaya tana kallon lambun ta saman kaina: ba ɗaki, ba akwati, sai tulin ƙasa da toka da ɗan sandan zogale a yashe. Sannan ta sunkuya ga jaririyar.

"Ke, gaya wa ubanki ya shigo falo ya ji ɗumi. Kada ya mutu mana a bayan gida, a haɗa wa uwarki jego da takaba."

Na shiga. Na raɓe a bayan ƙofa na fuskanci bango, ita ta zauna can kusa da taga ta ba ni baya. Da ɗumi ya fara shiga yatsuna, zafin ya sa hawaye suka zubo mini, na bar su, don dama ina neman dalili. Matata ta ajiye mini 'yata a cinya. Ina ji Hajiya ta danna waya, ta ɗaga murya yadda take yi in tana magana da wanda ke nesa.

"Alhaji, a bar direban nan ya huta," ta ce. "Ba inda za mu. Gidan nan akwai mai gida."