Tagar da Aka Toshe da Buhuna

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ƙarar cokalin nan ba. Ina kicin na ji ya faɗi a kan faranti, ƙwal! Na leƙo, sai ga maigidana a gaban abinci, ya dafe ƙirji, gumi na zuba.

"Malam, lafiya?"

"Gajiya ce kawai," in ji shi.

A daminar nan yana aiki a wani injin niƙa a Limawa. Kullum da ciwon kai yake dawowa. In na kara kunne a ƙirjinsa, sai in ji zuciyar tana gudu, ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Mun sha rubutu, mun sha maganin zazzaɓi, shiru. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar Lahadi da ba a buɗe injin, garau yake wuni. Na ce ikon Allah, wane irin ciwo ne ya san ranakun mako?

Ranar Litinin na kai masa abinci da kaina. Ban daɗe a ɗakin injin ba jiri ya fara ɗibata. Na ɗaga ido, taga ɗaya ce tak, ita ma an cusa mata buhuna. Bututun hayaƙi kuwa ya tsage, an naɗe shi da waya.

Abokin aikinsa, wani dattijo mutumin Beji, ya yi dariya. "Uwargida, ruwa yana shiga, gari yana jiƙa, mata suna zagi. Shi ya sa muka rufe."

"Kai Baba, ba ka jin komai a jikinka?"

Dariyar ta ɗauke. "Ni ma ƙirji yana buga ganga."

Ranar na tasa su gaba zuwa asibiti. Likita ya ce a cikin hayaƙin inji akwai iska mai guba, ba wari ba launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar kirki, zuciya ta yi ta wahala. Allah Ya tashi kafaɗun maigidana, amma zuciyar ta taɓu, bai ƙara ɗaga buhu ba.

Tun daga nan na san addu'a ba ta hana mutum buɗe ido. Ciwon da ke bin ranakun aiki, a je a duba wurin aikin.

Wata rana hadari ya taso, na tashi zan rufe taga, 'yar autata ta riƙe mini zani.

"Umma, bar ta a buɗe. Gara tabarma ta jiƙe, Baba ya samu iska."