Kujerar da Na Ɗauke Daga Shagon Baba

Babana mai gyaran takalmi ne. Shekara arba'in ya yi a shago ɗaya, ƙarƙashin matakalar wani bene. Gefensa akwai 'yar kujerar katako da ba ya barin kowa ya ɗora mata kaya. Yana ɗinki yana hira da Ubangiji, kamar mai hira da maƙwabci.

"Ka ga dunduniyar nan? Mai ita ya sha tafiya. Ka sauƙaƙa masa."

In basilla ta soke shi, sai ya dubi kujerar ya ce, "Kana gani fa, ka yi shiru."

Ina ƙarami abin dariya yake ba ni. Da na yi karatu na fara wa'azi a cocinmu, sai ya koma ba ni kunya. Ɗan ilimin nan ya hau mini kai. Ranar da na raka babban fastonmu ya kai takalminsa, muka tarar Baba yana ba kujera labarin ciwon gwiwarsa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Fasto na tafiya na ce, "Baba, Allah ba abokin wasanka ba ne. Addu'a tana da wurinta. Ka bari sai mun je sama, can za a yi hira."

Na ɗauke kujerar na kai gida. Shekara biyu ya yi yana ɗinki baki a rufe, ni kuwa ina ganin na yi gyara.

Ranar jana'izarsa ni na yi wa'azi. Na ɗaga murya na ce, "Yau Baba ya shiga rai madawwami!" Aka amsa da amin.

Da muka koma gida Mama ta kira ni.

"Ɗana, wa'azinka ya yi daɗi, amma ka kuskure rana. Babanka ya daɗe a ciki. Tun ba a haife ka ba yake zaune da Ubangijinsa a shagon nan. Da ka ɗauke kujerar, ya sha tambayata ko rashin kunya ya yi ta yi wa Ubangiji duk shekarun nan."

"Mama, me kika ce masa?"

"Na ce ya tambaye ka, kai ne mai karatu. Ya ce yana jin nauyinka."

Kujerar tana ɗakina yanzu. Nakan zauna gefenta in buɗe baki, amma wa'azi kawai ke fitowa.