Ƙofar da Kawu Iro ya fasa a tsakiyar titi

A wannan watan kawuna, Malam Iro birkila, ya cika shekara shida da rasuwa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa ina fasawa, domin ni ma'aikacin gwamnati ne a sashen tsara gari, shi kuwa abin da aka fi tuna shi da shi a unguwarmu laifi ne a idon doka. Ban ce ba laifi ba ne. Amma bana wani fayil ya iso teburina, kuma tun daga ranar shirun ya fara yi mini nauyi.

Unguwarmu tana gefe ɗaya na wani babban titi a Daura, maƙabartarmu tana ɗaya gefen. Tun muna yara, in an yi rasuwa, sai a sallaci gawa a ƙofar masallaci, a ɗora makara a kafaɗa, a miƙe. Mutum huɗu ke ɗauka, ana karɓa-karɓa. Kowa ya yi 'yan taku sai ya sakar wa na bayansa, har tsoho mai dogara sanda yakan samu ya sa hannu. Mai shago ya ja ƙofa ya bi, mai wucewa ya jingine kekensa ya bi.

Sai aka mayar da titin tagwaye. Ba zan yi butulci ba, mun yi murna, kuma har yau muna cin amfaninsa. Motocin hatsi daga Zango da Dutsi sun daina cushewa, an sa fitilu, gidajen mai da shaguna sun tsiro. Abin da ba mu lura da shi ba sai da aka gama shi ne shingen kankare da aka ja a tsakiya, mai kai wa mutum ƙugu, ba kafa ko ɗaya sai can shataletale mai nisa. Yanzu da nake wannan aikin ina jin na gane yadda aka yi. Wanda ya zana titin ya duba taswira, ya ga gidaje a nan, ya ga fili a can, bai ga dalilin da zai sa wani ya tsallaka ba.

A lokacin ina karatun tsara birane. Kawu Iro ya kira ni ya ce in rubuta wa hukuma takarda da Turanci a buɗe mana ƙofa. Kwana uku na yi ina gyara ta. Da na kawo, ya zauna a kan bulo ya ce, "Karanto mini da Hausa, Injiniya." Haka yake kirana in zai yi mini tsiya.

Na karanta masa yadda muke godiya, da yadda muka san hukuma ta fi mu sani, da yadda muke fata ko za a duba yiwuwar sake nazari in hali ya yi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, a ina ka ce a buɗe?"

Na ce ai an fahimta.

Ya ce, "Ni da na aike ka ban fahimta ba."

Duk da haka ya kai takardar. Ba a taɓa amsawa ba.

Bayan wata biyu wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu. Aka iso shingen da makara aka tsaya cirko-cirko. Wasu suka ce a zaga ta shataletale, wasu suka ce tsofaffi ba za su iya ba. Daga ƙarshe samari suka haura, aka miƙa musu makarar ta sama. Ina wurin. Ta karkata, tabarmar da aka rufa ta zame, ɗan marigayiyar ya kai hannu ya tare ƙafar mahaifiyarsa a tsakiyar titi, motoci suna wucewa suna oda. Kawu Iro yana tare da mu har aka rufe ta aka watse.

Washegari da hantsi ya je masallaci ya ari makarar, ya sa abokan aikinsa biyu suka taya shi ɗaukarta zuwa bakin shingen. Ba tef ya auna da shi ba. Ya sa suka ɗauka a kafaɗa kamar da gaske, ya ja layi da gawayi daidai inda kafaɗunsu suka ƙare, ya ƙara tafin hannu ɗaya kowane gefe. Sannan ya ɗauki guduma. Kafin la'asar ya fasa, ya yanke rodin, ya kuma shafe bakin wurin da siminti sumul, don shi ko ɓarna zai yi ba ya barin aiki da kaushi. Yana cikin wanke cokalinsa na gini 'yan sanda suka zo.

A nan ne nawa laifin yake. Dattawan unguwa suka tafi belinsa, suka nemi in raka su tunda ni ne mai boko. Na ce ina da jarrabawa. Ba ni da ita. Tsoro nake kada sunana ya shiga wani littafi ya hana ni aikin gwamnati wata rana. Ya kwana biyu a tsare. Da ya fito bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, ina jiran lokacin da ya dace har ciwon ajali ya riga ni. Ta wannan ƙofar aka wuce da shi.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga Daura ta yau. Ina jin da ya ji daɗi, don shi ba maƙiyin gini ba ne, da gini ya ci abinci. Da ya ga dogon rukunin shagunan da wani attajiri yake ginawa kusa da ƙofar da Kawu ya fasa, da ya tsaya ya shafa filastar ya faɗi ko hannun gwani ne. Ni ma ina maraba da wannan jarin. Samarinmu da yawa suna leburanci a wurin, kuma ba na zargin mai ginin da mugunta. Abin da ya roƙa shi ne a toshe ƙofar a sa dogon ƙarfe, saboda motocin masu sayayya su shiga ba tare da jama'a suna ratsawa ba. Yana kuma da hujjar da ba zan ɓoye ba: 'yan acaɓa sun mayar da ƙofar hanyar yanke, kuma an taɓa buge wani a wurin ya karye. Wannan gaskiya ne, kuma yana hana ni sukuni.

Fayil ɗin ke nan da aka ba ni. Abin da ake so in rubuta gajere ne: ƙofar ba ta cikin zane, a toshe. Na je wurin sau huɗu na tsaya ina kallo. Na ga mata masu ɗauke da itace, na ga 'yan makaranta, na ga masu zuwa ziyarar kabari ranar Juma'a. Sai na rubuta cewa a bar ta, a shigar da ita cikin zane, a kafa turakun ƙarfe da za su hana babur shiga amma su bar makara ta wuce, a yi tudun rage gudu kafin a iso ta kowane hannu. Na haɗa da zane da awo. Faɗin da na sa shi ne wanda na tarar, domin na auna na sake aunawa ban ga abin gyarawa ba.

Shugabana ya karanta ya ajiye. Mutumin kirki ne, ba na so a ɗauka akasin haka. Ya ce, "Mansur, ka san ba a tabbatar da kai a aikin nan ba tukuna?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ai akwai motar ɗaukar gawa yanzu. Su zaga mana."

Na ce masa mota tana ɗaukar gawa da mutum biyar, sauran unguwar kuma su tsaya a bakin titi suna kallo. Ya miƙo mini fayil ɗin in je in sake tunani. Na mayar masa washegari yadda yake.

Shekara biyar na yi ina yawo da takarduna kafin in samu aikin nan, kuma da shi nake riƙe da mahaifiyata. Da na gaya mata abin da na yi, sai ta ce, "Shi Iro ko da aka kama shi yana da cokalinsa. Kai me gare ka?" Mai yiwuwa kwamitin da zai zauna a kan maganar ya ƙi shawarata. Mai yiwuwa a ba wani ya rubuta abin da na ƙi rubutawa, ni kuma a tura ni wani ofishi a Mashi ko a sallame ni. Duk wannan yana iya faruwa, kuma ina jin tsoronsa. Amma ba da sa hannuna za a toshe ta ba. Ina kuma roƙon duk wanda ya taɓa bin gawar nasa ta wurin ya rubuta wa hukuma, ya faɗi a fili inda yake so a bari a buɗe.

Kawu Iro bai bar abin kirki na dukiya ba. Gidajen da ya gina sunan masu su suke amsawa, wasu ma an rushe an yi bene. Yaran da ke tsallakawa ta ƙofar yau ba su san wani ne ya fasa ta ba, sun ɗauka haka aka yi titin. Ina ganin hakan ya ishe shi.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi rasuwa a layinmu, na bar ofis na bi. Karɓa-karɓa ta kawo ni gaban makara daidai lokacin da muka iso titi. Wata babbar mota ɗauke da buhuna ta tsaya mana, na bayanta ma suka tsaya. Direban ya kashe inji ya sauko, bai san mamacin ba, bai tambaya ba. Ya taɓa kafaɗata, na sakar masa, ya wuce da shi ta ƙofar.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa, ya yafe mini kwana biyun nan da na bar shi.